Surukina Cyril da Wutar da Ba Ta Toka

Surukina Cyril Ibbotson yana ɗan shekara goma sha biyar ya fara shiga ramin haƙar kwal na ƙauyenmu da ke gefen garin Barnsley, kuma bai daina shiga ba sai ranar da aka sa wa ƙofar ramin kwaɗo a 1993. Shekara arba'in da uku ke nan. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, bayan hannuwansa duk shuɗin tabo, inda ƙurar kwal ta shiga ciwo fata ta rufe a kanta. Amma in ka tambayi tsofaffin da suka yi aiki da shi, ba labarin ƙarfinsa za su fara ba ka ba. Za su ce maka shi ne ya sa ɓera a gwangwanin abincin shugaban aikinsu, sannan ya zauna kusa da shi yana taya shi mamaki. Shi ne kuma ya ɗinke ƙafar wandon wani ango a ɗakin wanka na bakin rami, ana saura awa biyu a shiga coci.

Ni sunana Malcolm. Sana'ata jan bututun gas da kafa murhu da tukunyar ruwan zafi a gidajen mutane. Ranar da 'yarsa Lorraine ta fara kai ni gidansu, Cyril yana zaune gaban wuta da sandar ƙarfe a hannu. Ko juyowa bai yi ba.

"Me kake yi?" ya ce.

"Aikin gas nake yi."

"Wato iska kake sayar wa mutane."

"Ba ni nake sayarwa ba, ni bututun kawai nake..."

"Doreen!" ya ƙwala wa matarsa kira. "Zo ki ga abin da 'yarki ta kwaso mana. Mai Iska!"

Sunan da ya bi ni ke nan. Ko ranar ɗaurin aurenmu, a jawabinsa na uban amarya, bai ce Malcolm ba ko sau ɗaya.

Cyril yana ganin duk faɗin ƙasar nan babu wanda ya san wuta kamarsa. Kwal kyauta ake sauke masa a ƙofar gida kamar kowane mahaƙi, kuma yana iya ɗaga dunƙule guda ya shinshina ya gaya maka daga wane rami ya fito, tunda ba mai iya ƙaryata shi. Sai dai akwai abin da duk layin suka sani amma ba mai faɗa a gabansa. Tunda suka yi aure, Doreen ce ke tashi da sassafe ta durƙusa ta kwashe toka, ta murɗe tsofaffin jaridu, ta jera ƙirare, ta ɗora kwal, ta hura. Aikin Cyril ya sauko bayan ɗaki ya yi ɗumi, ya ɗauki sandar ƙarfe ya zungure wutar sau biyu, ya ce, "Yanzu ta zama wuta."

Shekara biyu bayan rufe ramin, wata Lahadi muna cin abincin rana, Doreen ta ajiye cokalinta.

"Malcolm," ta ce, "wutar nan ta gas mai kama da ta kwal, wadda ake sawa a cikin murhu don kwalliya, za ta shiga namu?"

Na dubi Lorraine, Lorraine ta dubi farantinta. Na ce, "Za ta shiga, in bututun hayaƙin yana da lafiya."

"Sai dai bayan raina," in ji Cyril. "A gidan mahaƙi? Kwal ɗin ƙarya? Ni da na ba da huhuna a ƙarƙashin ƙasa?"

"Ni kuma na ba da gwiwoyina a kan dandamalin murhun nan," in ji Doreen. Ba ta ɗaga murya ba. "To shi ke nan. Daga gobe na shiga yajin aiki."

"Yajin me?"

"A wajenka na koya. Ba shekara guda ka yi kana yi ba, ina dafa maka miyar albasa? Ga murhu, ga kwal, ga ka."

Watan Nuwamba ne. Ranar Litinin Cyril ya gano bai san inda ake ajiye ƙirare a gidansa ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya. Ranar Talata ya samu wutar ta kama, hayaƙi ya cika falo har maƙwabta suka leƙo. Ranar Laraba ya riƙe buɗaɗɗiyar jarida a bakin murhu don ta ja iska, kamar yadda ya sha ganin Doreen na yi, jaridar ta kama da wuta ta tafi da girarsa ta hagu. Ranar Alhamis wayar gidanmu ta yi ƙara.

"Mai Iska, zo ka sa mata abin nan nata. Ba don na yarda ba. Tausayin gwiwarta nake ji."

Sai da na fara kiran mai sharar bututun hayaƙi ya zo ya kwashe kunkunniyar shekaru. Bayan ya tafi na kunna 'yar ƙwayar nan da muke gwaji da ita, mai fitar da hayaƙi mai kauri, na ajiye a cikin murhun, na fita titi na ga hayaƙin yana fita ta saman rufi yadda ya kamata, ba ya ɓullowa ta ɗakin kwana ko gidan maƙwabci. Sannan na ɗaga katakan ƙasa biyu na jawo siririn bututun jan ƙarfe daga wajen mita, na kafa farantin ƙarfen da wutar ke fitowa ta hujojinsa, na gwada ko'ina na tabbatar babu inda gas ke zurarewa. Daga nan na huda bango ta ƙasa kusa da taga, na sa kafar iska mai raga, domin irin wannan wuta sai da iskar waje take ci lafiya.

Duk wannan aiki Cyril yana tsaye a kaina, hannu a baya.

"Ka huda min bango? Na kira ka ka kawo ɗumi, kai kuma ka buɗe wa sanyi ƙofa."

"Doka ce, Cyril."

"Wanda ya rubuta dokar a gidansa ya huda?"

Da na buɗe kwalin kwal ɗin kuwa, nan ya samu abin yi. Guda goma sha huɗu ne, na yumɓu da aka gasa aka yi wa baƙin fenti, kowanne a naɗe cikin takarda kamar ƙwai. Ya ɗauki ɗaya ya jinjina, ya shinshina, ya ɗan lasa.

"Wannan ko biskit ya fi shi nauyi."

Na nuna masa takardar kamfanin. Akwai zane, kowane dunƙule da wurin zamansa, da ratar da za a bari tsakaninsu don harshen wuta ya wuce ba tare da ya shaƙe ba. Na ce in aka canza jerin, wutar za ta riƙa yin baƙin hayaƙi.

"Wato yanzu sai an duba littafi kafin a jera wuta," ya ce. "Duniya ta zo ƙarshe."

Na koya wa Doreen kunnawa. Ta ɗaga ɗan murfin da ke ƙasa, ta danna maɓallin ciki, ta murɗa hagu har ya ce ƙas, ta riƙe ta ƙirga goma don 'yar ƙaramar wutar ta zauna, sannan ta saki ta murɗa. Harsunan wuta suka taso tsakanin dunƙulen, cikin minti kaɗan suka yi ja kamar gaske. Doreen ta zauna a kujera ta miƙe ƙafa, ta dubi hannuwanta fes, ta yi dariya ita kaɗai.

Mako guda Cyril ya yi yana zama a falo da kwat da hula, ya juya wa murhun baya. In ka tambaye shi sai ya ce wutar hoto ce, hoto kuwa ba ya ɗumama mutum. Gaskiya yana da ɗan abin faɗa, don irin wannan wuta kwalliyarta ta fi zafinta, rabin ɗumin ta bututu yake guduwa. Amma Doreen ta lura da wani abu. Kullum in ta zo shara sai ta ga sawun ƙafafun kujerarsa a kan kafet ya matsa gaba kaɗan. Kafin Kirsimeti kujerar ta koma inda take tun asali, kwat ɗin ya koma jikin ƙusa.

Sai dai hali zanen dutse. Mutumin da ya yi shekara sittin yana jefa duk abin da ya gama da shi cikin wuta ba zai daina don an sa gas ba. Zuwana na farko duba wutar, na tsinto ƙwallon tuffa uku, da ɓawon lemo, da ambulan ɗin wasiƙar 'yan haraji rabi a ƙone, da wani abu da ya narke ya toshe huji biyu, wanda daga baya aka gano takardar alewa ce. Na kashe, na jira ta huce, na ɗauke dunƙulen ɗaya bayan ɗaya na share su da buroshi mai laushi, na tsotse ƙurar farantin, na mayar da komai bisa zane. Na yi masa wa'azi. Ya ce ai kyanwa ce, alhali ba su da kyanwa.

Bayan wata guda Doreen ta kira ni ranta a ɓace.

"Malcolm, zo ka ga aikinka. Sabuwar takardar bangon da na manna duk ta yi baƙi a saman murhu."

Na je na tarar an tara dunƙulen a tsakiya kamar tsibin doya, babu ko rata. Na jera su daidai. Bayan sati biyu aka sake kira na. Na sake jerawa. Cyril yana zaune da jarida, yana leƙe ta samanta.

"Wataƙila motsi suke yi da kansu," ya ce. "Kwal na gaske yana zama inda aka sa shi."

A karo na uku na rubuta lamba da fensir a ƙarƙashin kowanne, na ɗauki hoton jerin na ba Doreen, na kuma ɗauke sandar ƙarfen nan na sa a motata. Washegari Cyril ya sake tara su da cokalin miya.

A tsakiyar wannan rigima ne Hedley ya kawo ziyara. Hedley tsohon abokin aikinsa ne a rami, ya koma wani ƙauye mai nisan mil goma, mutum ne mai cika baki, idonsa ya yi rauni amma ya rantse ba zai sa tabarau ba. Cyril bai gaya wa kowa cikin tsofaffin abokansa cewa an sa masa gas ba. Da ya ji Hedley na tafe, sai ya ɗauko tsohon bokitin kwal daga rumfar bayan gida ya ajiye gefen murhu, ya barbaɗa 'yar toka a dandamali, ya sa Doreen ta kunna wutar tun kafin baƙo ya iso. Ni da Lorraine muna nan, an ja mana kunne.

Hedley ya zauna ya sha shayi, ya miƙa hannu ga wutar, ya yi shiru yana saurare.

"Kai Cyril, wutar nan taka ba ta ƙara. Ba ta wari. Awa guda ina zaune ban ga ka ƙara mata ko dunƙule ɗaya ba."

Cyril ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya matso da kujerarsa.

"Rage murya. Ka tuna layin can na ƙasa da aka hana mu shiga, shekarar da ruwa ya ɓalle?"

"Na tuna mana. Ni na fara jin ƙarar ruwan."

"To makon da za a rufe rami na lallaɓa na ɗebo buhu guda. Kwal ɗin wajen ya tsufa har ya manta yadda ake cinyewa. Tun kaka nake ƙona waɗannan."

"Ƙarya kake!"

"Ga shi kana gani da idonka."

Hedley ya sunkuya ya ƙanƙance ido. Lorraine ta tashi da sauri ta shige kicin, ina jin ta tana tari. Can Hedley ya gyaɗa kai.

"Ai dama na sha faɗa. Na gaya wa manaja kwal ɗin layin nan daban ne, bai saurare ni ba. Ba ni guda ɗaya."

Cyril ya yi ta jan rai, daga ƙarshe ya ce don zumunci zai aika masa. Washegari da safe, wutar a kashe, ya zare lamba tara ya naɗe a jarida ya ba direban bas ya kai masa.

Kwana takwas Hedley ya yi yana fama. Ya sa shi a tsakiyar garwashi, ya yi ja, ya huce, ya fito yadda ya shiga. Ya hura masa iska da famfon keke. Ya gayyato maƙwabta su ga kwal ɗin da ba ya ƙarewa. A rana ta tara jikarsa ta juya dunƙulen ta ga lamba tara da rubutun fensir. Matar Hedley ce ta hawo bas ta kawo shi da kanta, ta dire wa Doreen a kan tebur, su biyu suka yi dariya har da hawaye. Hedley kuwa sai da ya yi wata biyar bai yi wa Cyril magana ba. Ni aka bari da neman sabon lamba tara, don wancan ya tsage.

Duk waɗannan na ɗauke su wasa. Abin da ban ɗauka wasa ba ya faru a hunturu na biyu. Na je duban shekara, na durƙusa zan leƙa kafar iskar nan ta bango, sai na ga ragar a toshe tam. Na zaro safa guda biyu masu kauri da rabin jarida.

"Wa ya yi wannan?"

"Iska ce ke hura min ƙafa," in ji Cyril. "Gidana ne ko gidanka?"

Na je na rufe gas ɗin daga mita, na kwance bututun wutar, na toshe bakinsa, na fara tattara kayana. Doreen ta tsaya a bakin ƙofar kicin da tsumma a hannu.

"Me kake yi haka, Mai Iska?" in ji Cyril.

"Na cire ta. Ba zan bar uwar matata ta kwanta a kujera ta ƙi tashi ba." Na juyo na dube shi, karo na farko tunda na san shi ban ji tsoronsa ba. "Shekara arba'in da uku ka yi a ƙarƙashin ƙasa, Cyril. In wani ya toshe hanyar iska a rami don tana hura masa ƙafa, me za ku yi masa?"

Ya dubi safar da ke hannuna.

Na ce, "Gubar da kuke tsoro a can, wadda ba ta wari ba a ganinta, ita ce dai wannan. In wutar ta rasa iska, ita take haifarwa."

Na san akwai mutum biyu a raminsu da aka taɓa fitowa da su a kan makara ba tare da ko ƙwarzane a jikinsu ba, Lorraine ta gaya min, amma shi bai taɓa zancen ba, ranar ma bai yi ba. Ya tashi ya karɓi safar ya jefa a kwandon shara, ya durƙusa da ƙyar ya hura ragar da bakinsa.

"Mayar mata da wutarta," ya ce. "Kuma ka nuna min yadda kake gwajin nan na hayaƙi."

Na mayar, na kuma kafa musu ƙararrawar da ke kuka in ta ji gubar. Na nuna masa ashanar gwaji, yadda ake kunna ta a riƙe a bakin murhu bayan wutar ta yi zafi: in hayaƙin ya shige sama, lafiya, in ya dawo cikin ɗaki, a kashe a buɗe taga. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai da na isa gida na ga kwalin ashanar ya ɓace daga jakata.

Cikin wata guda Cyril ya naɗa kansa mai duba iska na layin gaba ɗaya. A lokacin gidaje da yawa sun koma gas. Sai ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya ɗauki tocila, ya bi gida gida yana ƙwanƙwasawa. Ya fi zuwa gidajen tsofaffin matan da mazansu suka rasu, kuma ba a taɓa ganin ya fito ba tare da ya sha shayi da kek ba. Ya zaro safa, ya zaro tsumma, a wani gida har da matashin kai. Yana yi yana faɗa.

"Wane jahili ne zai toshe kafar iska? Ke ba ki da hankali ne?"

Doreen ta ce min har ƙiba ya yi a hunturun nan. Ni kuma na kafa masa sharaɗi: ido nasa, hannu nawa. Kada ya kwance komai, kada ya gyara komai, in ya ga abu ya kira ni. Ya kira ni kuwa. Ya kira ni don gizo-gizo ya yi saƙa, ya kira ni don wai launin wutar wata bai yi masa ba. Har na fara cewa Lorraine ta ce ba na nan.

Wata Asabar da hantsi ya sake kira, amma muryar ba irin ta kullum ba ce.

"Malcolm, gidan Edna Hepworth. Yanzu."

Jin ya kira sunana na gaskiya ya sa na bar shayina. Edna tsohuwa ce mai shekara saba'in da tara, gida na huɗu daga nasu. Na tarar da ita zaune a kujera a bakin titi, an lulluɓe ta da bargo, tagoginta duk a buɗe, Cyril yana tsaye a ƙofa kamar ɗan sanda. Ashe da ya shiga ta ce masa kwana uku kanta na ciwo, barci ke ɗibar ta da rana tsaka, kyanwarta ma ta ƙi shiga falo. Ya kunna ashana, hayaƙin ya dawo masa a fuska. Ya kashe wutar, ya fito da ita, ya sa maƙwabciya ta kira motar asibiti. Da muka buɗe bututun hayaƙin, sheƙar hankaki muka samu, ƙirare sun cika guga biyu. Edna ta kwana ɗaya a asibiti ta dawo garau, ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya.

Daga ranar Cyril ya hana kowa sakat. A kulob ɗin ma'aikata labarin ya riƙa girma. Guga biyu suka zama buhu shida, Edna ta zama a sume ya ɗauko ta a kafaɗa, ni kuma na zama wanda ya iso a makare yana rawar jiki. In mutum ya ce zai sa wutar gas, sai ya ce, "Ka kira surukina, ni na koya masa aiki."

Haka aka yi ta tafiya har tsufa ya zo masa ta yatsu. Ya kai ba ya iya danna maɓallin ya riƙe, durƙuso ma ya gagare su su biyun. Wutar ita ma ta tsufa, sai na cire ta na sa musu sabuwa mai rimot, irin wadda in 'yar ƙaramar wutar na ci, daga kujera za ka ɗaga harshen ko ka rage. Na ɗauka zai yi tsiya. Ina! Ya karɓi rimot ɗin ya zura a aljihun rigar sanyinsa, idonsa na ƙyalli.

Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba masa ƙirji ita ya fara kamawa. Tana cikin rubutu ya ce, "Kina jin sanyi, 'yata? Bari in yi mata magana." Ya dubi murhun ya daka tsawa, "Tashi!" Wutar ta tashi. Yarinyar ta saki biro. Ya yi wa fasto, ya yi wa mai karanta mita, ya yi wa Hedley, wanda ya ce shi an daina kama shi, amma duk da haka aka gan shi yana raɗa wa wutar "tashi" lokacin da ya ɗauka ba kowa a ɗakin.

Wata rana Doreen ta raka ni har mota.

"Malcolm, rimot ɗin nan guda ɗaya ake yin sa?"

"Ana iya haɗa na biyu."

"To kawo min. Kar ka gaya wa Lorraine, bakinta ba ya riƙe magana."

Ta ajiye nata a cikin gwangwanin shayi a kicin, inda ta ƙofa tana hango murhun. Baƙo na gaba da ya zo, Cyril ya gyara zama ya ce, "Tashi!" Wutar ta tashi, ta koma ta kwanta. Ya sake dannawa a aljihu, ta tashi, ta sake kwantawa. Ya ce, "Kwanta!" don ya rufe kunya, sai ta tashi har sama. Baƙon ya ce, "Kamar ba ta jin maganarka yau."

Sau uku yana kira na. Sau uku ina zuwa in canza batir, in duba ko'ina da fuskar aiki, in ce lafiyarta ƙalau. A gabana kuwa ba ta taɓa yi masa gardama ba.

"In kana nan tana ladabi," ya ce. "Kana fita take fara iskanci. Irin sana'arku ke nan."

Doreen ba kullum take yi ba. Sai ranar da ya cika baki da yawa, ko ya ce miyarta ba gishiri. Shekara shida suna haka.

Cyril ya rasu a watan Afrilu yana da shekara tamanin da huɗu, ƙirjin ne ya ci shi a ƙarshe. Bayan an dawo daga maƙabarta, mutane sun cika falo ana cin burodi da naman alade, na sami Doreen ita kaɗai a kicin tana zuba ruwa a buta. Na tambaye ta ko Cyril ya taɓa gano rimot ɗinta.

"Tun shekarar farko," ta ce. "Na buɗe gwangwanin wata safiya na tarar an cire batir ɗin an sa min alewar minti guda biyu a wurinsu."

"Me kika yi?"

"Na shanye alewar na sayi sabon batir. Shi bai ce komai ba, ni ma ban ce ba." Ta miƙo min tire. "Kai wa Hedley wannan, kuma ka ce masa ya sauka daga kujerar Cyril."